Jan Farce a Cikin Amfilifayar Dikko

Wajen ƙarfe goma na safiyar Litinin ne. Ruwan da anka yi da asuba ya ɗauke, amma gari bai washe ba, hadari ya yi zaune bisa Talata Mafara bai da niyyar tashi. Na shimfiɗa buhu ƙarƙashin teburina saboda laka, na zauna ina goge wuyan jitata da tsumma, sai na ji babur ya tsaya a bayana.

Sunana Sharhabilu. Teburin gyara gare ni a rumfar shagon kawuna Nasidi, wanda ke sayar da ƙwan lantarki da waya da batir. Ina gyaran rediyo da tocila da fanka, in an kawo amfilifayar masallaci ko ta masu biki ita ma in duba. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, gyaran ma da ido na koye shi. Ranar da Kawu ya ba ni wurin, shekara uku ke nan, magana ɗaya ya yi mini. Ya ce duk ranar da anka tabbatar na taɓa kayan mutane, in ɗauke teburina da kaina kafin ya ɗauke mini. Ba ni da wani wuri in ba nan ba. Duk wanda ya san ni, a rumfar nan ya san ni.

Ita kuwa jitar ba ta kowa ba ce, ba kuma ta sayarwa ba. Wata bakwai ina yin ta in aiki ya yi sauƙi. Katakon na tsohuwar ƙofar maɗaci ne da na samo a Morai. Tsirkiyoyin daga wayar birkin babur na warware su. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kunnenta, wato ɗan abin nan da ke ƙarƙashin tsirkiya, wanda ke jin motsinta ya kai wa amfilifaya. Mayen ƙarfe ne ake naɗe shi da waya siririya. Sati uku na yi ina naɗi da hannu bayan la'asar, sa'an nan na narka kakin zuma na rufe shi ruf. Ban iya kiɗa ba sosai. Ni dai in na taɓa waya na ji ta yi magana a lasifika, raina ya kan yi fari.

Mai babur ɗin Malam Dikko ne, mutumin Bakura, mai bayar da hayar lasifika ga masu walima da wa'azi. Ya kwance amfilifayarsa daga bayan babur, ya rungumo ta, ya wuce ni kamar ba kowa a wurin, ya tsaya bakin shago.

"Salamu alaikum. Alhaji Nasidi, an tashi lahiya?"

"Lahiya lau, Malam Dikko. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen Bakura?"

"Suna lahiya. Ya kasuwa? Ya haƙuri da jama'a?"

Sunka yi ta yi. Na san Malam Dikko, in yana cikin daɗin rai gaisuwarsa biyu ce ya shiga zance. Da na ji ya kai ga tambayar lafiyar shanun Kawu, sai na aje tsumman.

Ya juyo ya dire amfilifayar bisa teburina, amma da Kawu yake magana.

"Aikin ɗanka na maido."

Ya ce ranar Asabar ya kai ta Tsibiri, can ƙasar Maradun, wurin wata walimar sauka. Malamin da anka gayyato ya fara wa'azi ke nan, jama'a ta yi tsit, sai ta hau gurnani. Kafin a ce mi, wari ya tashi, hayaƙi ya biyo. Mata na leƙe ta katanga, yara na dariya, shi kuma yana tsaye da waya a hannu.

"Shekara tara tana hannuna ba ta taɓa kunyata ni ba. Kwana biyu tay yi hannun wanga yaro."

Na ce, "Malam Dikko, maɓallin ƙara murya kawai na canza. Shi ne kac ce yana ƙaiƙayi. Sai ƙura da na share."

Ya ciro sukudireba daga aljihu, tasa ta kansa, ya kwance murfin.

Kowa a ƙasarmu yana da dabararsa in zai kai kaya gyara, don an daɗe ana cewa masu gyara na cire na kirki su sa na banza. Wani ya zauna ya tsare ka da ido har ka gama. Wani ya karce batir da ƙusa. Shi Malam Dikko ashe jan farcen matarsa Batulu ya ɗauka, ya ɗiga wa kowane babban abu da ke cikin amfilifayar. Ya nuna wa Kawu da kan sukudireba. Ga ɗigo bisa gwangwani na farko, ga shi bisa na biyu, ga wani can gefe. Sai ya aje kan sukudirebar bisa taransifoma, wato dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da ke cike da jar waya, wanda yanzu ya ƙone ya yi baƙi ta gefe ɗaya.

"Ina ɗigona?"

Na leƙa. Saman taransifomar bai ƙone ba, fes yake, kuma babu ɗigo.

"Wanga ba nawa ba ne," in ji shi. "An cire nawa, an sa mini na bola. Kuma na san inda jar wayata tat tahi." Ya ɗaga haɓa ya nuna jitar. "Tana cikin wancan abin shaiɗanin. An hwaɗa mini."

Na ce, "Wa ya faɗa maka?"

"Wanda yag gani."

Kawu bai ɗaga murya ba, ba ya ɗagawa dama. Ya ce gobe kasuwa, ai Malam Dikko zai shigo gari, a bar amfilifayar nan, bayan azahar a zauna. Malam Dikko ya ce ba ta ƙara kwana inda hannuna zai kai. Ya nemi buhu ya saka ta, ya ɗaure bakin da igiya, ya yi wani ƙulli mai ƙahoni biyu irin na masu ɗaurin shanu, ya tsaya har ya ga Kawu ya kai ta ƙuryar shago. Sa'an nan ya yi sallama mai tsawo ya tafi.

Kawu ya tsaya kaina, hannu a baya.

"Ka tuna abin da nic ce maka ranar hwarko?"

"Na tuna, Kawu."

"Ban canza ba."

Ya koma ciki.

Na zauna na kasa taɓa komai. Akwai rediyo biyu da ke jirana, na bar su. Na san ban cire taransifoma ba. To ina ɗigon ya tafi? In ba ni na cire ba, wani ya cire. Na fara lissafa inda amfilifayar ta kwana. Ranar Laraba anka kawo ta. Ran nan Kawu ya rufe shago da wuri zai je gaisuwar mutuwa Garbadu, ni kuma ban gama ba, sai na kai ta shagon Mas'ud ta kwana.

Mas'ud mai aski ne, shagonsa na jikin namu. Ɗan gwaggona ne, abokin wasana, tare munka tashi. Shi ne ya ba ni matattun injinan aski uku da na warware na samu siririyar wayar da na naɗa kunnen jita. Shi kaɗai ya san maganar jar waya. Kuma kwanan nan na ga ya sayi sabon madubi. Ban so zuciyata ta je can ba, amma ta je, ta kuma zauna.

Na leƙa shagon. Yana kaɗe gashi daga kujera, ba kowa.

"A'a, Injiniya. An ce ka koma dillancin tagulla. Nawa kilo yau?"

"Wa ya ce?"

"Gari. Kai ba ka san rumhwarku ba ta da bango ba?"

Na jingina da ƙofa. Na ce, "Ran Laraba da na aje amfilifayar nan, wa ya shiga bayan ka rufe?"

"Sauro. Da wani ɓera mai iyali."

"Ba wasa nake ba, Mas'ud."

Ya daina kaɗewa. Ya dube ni ta cikin madubi, bai juyo ba.

"Makullin na wurina. Ni kaɗai."

"To shi ne na ce ko ka ba wani."

"Ba shi ne kac ce ba." Ya rataye tawul a hankali. "Ni da ban san gaban amfilifaya da bayanta ba, ni zan kwance mata hanji in maida? In ka rasa wanda za ka ɗora ma, ɗora ma ɓeran."

"Malam Dikko ya ce wani ya faɗa mishi maganar jar waya."

"Sharhabilu, sati uku kana zaune bakin titi kana naɗi kamar tsohuwa mai kaɗi. Har akuyar Alhaji ta gani."

Wani ya shigo aski. Mas'ud ya gyara masa kujera, ya yi kamar na riga na fita. Na fita.

Maganar tasa gaskiya ce, amma ba ta kwantar mini da rai ba. Da rana kowa ya wuce sai in ga kamar dubana yake. Mai shayi ya gaishe ni, na ce a raina gaisuwar ta yi gajarta. Wani dattijo da ya bar tocilarsa tun jiya ya zo ya ce in ba shi, wai ya fasa gyaran, zai yi tafiya. Na ba shi. Har Kawu sai da na zarga. Bai taɓa son jitar nan ba, ya sha cewa mutum da sana'arsa ya zauna yana sassaƙa abin 'yan rawa. Kuma na ji ƙanin matarsa ya taɓa tambayar ko za a ba shi rumfar ya sa teburin cajin waya. Na ce ko dai an samu hanyar da za a raba ni da wurin ba tare da an ce an kori ɗan 'yar'uwa ba. Na yi istigfari, tunanin ya tafi, ya kuma dawo.

Bayan la'asar na ce bari in kama wani abu da hannu ko zuciyata ta huta. Na ɗauko jitar. Akwai inda man katako ya taru ya daskare a gefenta, na jawo kwalbar tina, ruwan nan mai kaifin wari da masu fenti ke tsinka fenti da shi. Saboda jitar na saye shi. Na jiƙa tsumma na goga, man ya narke ya bi tsumman.

Na tsaya da tsumman a hannu.

Ran Alhamis, da na gama canza maɓallin, na ga saman taransifomar ya yi danƙo, ƙura ta haɗu da maiƙo. Da fetur na saba wankewa, amma ran nan fetur ya ƙare. Kwalbar tina ce kusa da hannuna.

Na tashi na je wurin wata mai tallan kayan kwalliya a bakin tasha, na roƙe ta ta ɗiga mini jan farce bisa marfin gwangwani. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗiga. Na dawo na aje shi ya bushe ƙarau. Na goga fetur ɗin da na ara wurin wani mai babur na tasha, ɗigon na nan. Na goga tina, shafa ɗaya, ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba.

Da farko daɗi na ji. Sai kuma na ga ba abin daɗi ba ne. Na shiga shago na faɗa wa Kawu duka, na nuna masa marfin.

Ya jujjuya shi. "Wato kai kag goge."

"Ni na goge, Kawu. Amma ban san da shi ba. Ƙura ta rufe shi."

"Wanda yas sata ma haka zai ce."

"Na sani."

"To gobe ka hwaɗa da bakinka, gaban mai kaya." Ya miƙo mini marfin. Na duba fuskarsa ko zan gane inda ya dosa, ban gane ba.

Ranar Talata gari ya cika tun hantsi. Motocin shinkafa da na albasa sun toshe hanya, amalanke na kutsawa tsakani, ƙasa ba ta gama bushewa ba. Na yi aikin da ya samu, kaɗan ne. Mas'ud bai leƙo ba, ni ma ban leƙa ba.

Ana sallame azahar Malam Dikko ya iso. Kawu ya fito da buhun. Malam Dikko ya tsuguna ya daɗe yana duban ƙullinsa, ya ja ƙaho ɗaya, ya ja ɗayan, sa'an nan ya kwance. Anka aje amfilifayar bisa teburina. Ranar kasuwa ba a gayyatar kowa, mutane da kansu suke taruwa. Kafin a fara magana akwai kamar mutum goma sha biyar a rumfar, har da Mas'ud, ya tsaya can baya da almakashi a hannu.

Na faɗi maganar tina yadda ta faru. Na nuna marfin gwangwanin.

Malam Dikko ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya juya ga jama'a.

"Kun dai ji da kunnenku. Jiya bai san komi ba. Yau ya tuna shi yag goge shaida. In mun ƙara mishi kwana ɗaya, zai tuna inda yak kai taransifomata."

Wasu sunka yi dariya. Wani ya ce ai yaron bai da wannan hali. Wani ya ce hali a ciki yake, ba a goshi ba.

Kawu ya nuna jitar ya ce, "Sharhabilu, mi ke cikin abin nan naka?"

"Wayar injin aski ce, Kawu. Mas'ud ya ba ni injinan."

"Mas'ud?"

Mas'ud ya matso kaɗan. Bai dube ni ba. "Na ba shi matattun inji ukku, wanga gaskiya ne. Abin da yan naɗa ciki kuwa ban tsaya na gani ba. Ba ni shaida kan abin da ban gani ba."

Ba ƙarya ya yi ba. Da jiya ban je masa da waccan tambaya ba, wataƙila da ya ƙara wata kalma. Ban ga laifinsa ba.

"To a buɗe," in ji Malam Dikko. "In ba tsoro."

Na ce masa kunnen jitar ba ya buɗuwa. Kaki ya shiga tsakanin waya da waya ya kama. In an ce a gani, sai dai a yanka, in an yanka kuwa ya mutu ke nan, ba a ɗinke shi. Kuma ba ni da sauran irin wayar.

"Kun ji? Ba ya buɗuwa."

Na dubi Kawu. Ina jiran ya ce a bar wa yaro abinsa, a nemi wata hanya. Bai ce ba. Yana kallon teburin, daga wannan ƙafa zuwa waccan, kamar mai auna ko zai shiga amalanke.

Na ɗauko jitar na kwantar da ita bisa cinyata. Na sassauta tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya, na kwance ƙusa biyu, na zaro kunnen. Ɗan abu ne, bai kai tsawon yatsa biyu ba, yana ƙamshin zuma har yanzu. Sau biyu kacal na taɓa jin muryarsa a lasifika. Na nemi reza a akwatin kayan aiki, ban same ta ba, sai wani ya miƙo mini tasa. Na ɗora bakin rezar na danna.

Kakin ya tsage. Wayar ta buɗe ta zubo bisa tebur, ja, laushi, kamar gashin masara. Kawu ya tsinci ɗaya ya aza bisa tafin hannunsa, iska ta ɗauke ta. Ya sake tsintar wata ya riƙe da farce. Sa'an nan ya sa sukudireba ya ɗaga ƙonanniyar takardar da ke jikin taransifomar, wayar ciki ta bayyana, kaurinta ya kai tsinken tsintsiya. Ya kara su kusa da juna, ya ɗaga don na baya su gani.

"Malam Dikko, wagga ba ta hito cikin irin wancan ba."

Malam Dikko ya duba. Ya daɗe. Na ɗauka magana ta ƙare.

"To bai naɗa ba. Ya sayar. Ni dai wanga ba nawa ba ne."

Na yanka abina, ga shi ban fita ba. Ba ni da sauran abin da zan yanka.

Mas'ud ne ya ratso mutane. Ya soke almakashinsa a aljihu, ya kama amfilifayar ya karkata ta wajen haske, ya sa ido ta ƙasa inda ƙafafun taransifomar ke ɗaure da gindin akwatin. Ni ban taɓa leƙa wurin ba, don ba abin da ya kai ni.

"Malam Dikko, zo ka ga maƙwabcinka."

Gidan zanzaro ne, na laka, ya bushe ya yi fari. An gina shi daidai kan ƙafar taransifomar, ya rufe noti ɗaya gaba ɗaya, ya manne da gindin akwatin. Ko tsaga babu.

"Sai dai in shi ma da shi anka haɗa baki," in ji Mas'ud.

"Zanzaro na gini cikin kwana biyu," in ji Malam Dikko.

Kawu ya karɓi sukudireba ya ƙwanƙwasa gidan. Ya ruguje ya zama gari, ba komai ciki sai busassun ɓawo da yanar gizo. Notin da ke ƙarƙashi ya yi tsatsa har ya haɗe da ƙarfen. Kawu ya sa filaya ya murɗa, ya ƙi. Ya miƙa wa Malam Dikko filayar. Shi ma ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, notin bai motsa ba. Ya gwada na biyu, haka. Ya aje filayar.

Na baya sunka fara zamewa, kowa ya tuna abin da ya kawo shi kasuwa. Mas'ud ya kaɗe hannunsa ya koma shagonsa, har yanzu bai dube ni ba.

Kawu ya share garin lakar daga teburin da gefen hannu. Ya ce, "Kwashe wagga wayar, ga mai hwanka can tun ɗazu yana jira." Ya shige shago. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma na gane teburina ya zauna.

Saura ni da Malam Dikko. Ya ce in maida masa murfin, da murya ƙasa-ƙasa, yana duban titi.

Ina daidaita murfin sai na ce bari in duba fis, don tun jiya abin ke damuna. Fis ɗan ƙaramin kwalba ne mai zare ciki. Aikinsa in wuta ta yi yawa ya mutu shi kaɗai, ya tsare sauran. Da fis na nan lafiya, bai kamata taransifoma ta ƙone haka ba. Na murɗe gidansa na zaro shi. A naɗe yake da takardar magi, mai ƙyallin nan, an ninka ta biyu an matse da kyau, gefenta ya yi baƙi. Ran Alhamis da na duba shi ba haka yake ba. Na san yadda ake yi. Janaretan haya ya yi tsalle, fis ya mutu, jama'a na jira, mai kaya ya aika wurin masu girki a kawo masa takarda ya naɗe don a ci gaba. Daga nan kuwa ba mai tsaron ƙofa, duk wutar da ta zo sai ta wuce ciki.

Na ɗago kai. Malam Dikko ba titi yake duba ba, hannuna yake duba.

Har yau ban sani ba ko tun daga Tsibiri ya san abin da ya ƙona masa kaya, ya zo neman wanda zai ɗauka. Ko kuwa da gaske bai haɗa wannan da wancan ba sai a lokacin. Wani sa'in in na tuna yadda ya tsaya kan ɗigonsa sai in ce ya yarda da abin da yake faɗi. In na tuna yadda ya dubi hannuna kuma sai in ce a'a. Kawu na ciki, taku huɗu ne tsakaninmu, kuma akwai sauran mutum biyu uku a bakin rumfa. Na rufe tafin hannuna, na sa abin a aljihu, na ɗaure murfin.

Ya ɗauki amfilifayar ya aza bayan babur. Ya ja robar ɗauri ya zagaya sau ɗaya, zai zagaya na biyu ta tsinke, ta fyaɗe shi a hannu. Ya tsaya da guntu biyu, yana ƙoƙarin ƙulla su, sun yi gajarta. Hanyar Bakura kuwa bayan ruwa ramuka ce.

Akwai tsohon tiyub a ƙarƙashin teburina. Na yanko doguwar roba daga jikinsa, na je na zagaya amfilifayar sau uku, na ja da ƙarfi na soke bakin a ƙasan sirdi. Na girgiza ta, ba ta motsa ba. Malam Dikko ya yar da guntayen nasa, ya hau, ya buga babur, ya kutsa tsakanin motocin albasa ya tafi.

Na dawo na tattara jar wayar a gefe, na ce wa mai fanka ya matso da ita.